ISO Ɗin Da Ke Cikin Kyamarar Wayarka, Gadon Fim Ɗin Baƙi Da Fari Ne

Ka buɗe kyamarar wayarka yanzu, ka shiga wajen da aka rubuta Pro. Za ka ga haruffa uku, ISO, da lambobi a gefensu: 100, 200, 400, 800, har sama. Da yawanmu muna wuce wajen nan ne kamar ba mu gani ba. To wallahi a nan rabin kyan hotonka yake. Kuma lambobin nan ba masu ƙera waya ne suka ƙirƙiro su ba, a jikin kwalin fim suka same su.

Fim ɗin da nake nufi shi ne wanda masu hoto na da ke sakawa a kyamara, a ɗauka, sannan a shiga ɗaki mai duhu a wanke. Leda ce siririya da aka shafa wa ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa. Haske na taɓa su sai su kama hoto. Ƙwayoyin nan in manya ne suna saurin kama haske, amma hoton zai fito da tsaki-tsaki. In ƙanana ne hoton zai yi laushi kamar garin da aka tankaɗe, komai ya fito tar, sai dai suna neman haske mai yawa. Lambar ISO ita ke gaya maka saurin fim ɗin. A da ASA ake rubutawa a Amurka, DIN a Jamus, a 1974 aka haɗe su suka zama ISO.

Lissafin mai sauƙi ne: duk sanda lambar ta ninka, hasken da ake buƙata ya ragu da rabi. In fim mai 100 na son idon kyamara ya buɗe na kashi 1/125 na daƙiƙa, mai 400 zai gama da 1/500.

Saboda haka mai hoto tun a wajen saye yake yanke shawara. In mutum zai ɗauka a zaune da rana irin tamu ta Zango, Ilford FP4 Plus mai 125 ko Kodak T-Max 100 sun ishe shi, har zaren aikin hula za ka ƙirga. In Daura zai tafi Hawan Magajiya, inda doki ba zai tsaya ya jira shi ba, sai ya nemi mai 400, kamar Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, wanda 'yan jarida suka riƙa yawo da shi daga 1954. In kuwa taron dare ne, akwai Ilford Delta 3200, amma fa ya san tsaki zai sha. Kuma in ya saka fim, ya ɗaure kansa har sai hotuna 24 ko 36 sun ƙare. Sauri, laushi, da fitowa tar: ba a haɗa ukun a kwano ɗaya sai in akwai wadatar haske.

Shi ya sa manyan masu hoto na yankinmu suka riƙe haske da muhimmanci. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wajen ɗaukar hotonsa a 1948, yawanci a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, a kan babban fim. Ka nemi hotunansa a intanet ka gani, zanen atamfa ɗaya bayan ɗaya. A nan Najeriya kuma J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, baƙi da fari, kowace tsaga a fili.

Waya ba da azurfa take kama hoto ba. Wani ɗan faranti ne mai jin haske a bayan gilashin, wanda a yawancin wayoyinmu bai kai faɗin farce ba. In ka ɗaga ISO, wayar ƙara ƙarfin ɗan abin da ta samu take yi, kamar ka ƙure ƙarar rediyo a tashar da ba ta kamawa sosai: magana ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Daga nan sai wayar ta shafe tsakin da kanta, fuskar mutum ta koma kamar an shafa mata man kaɗanya. A teburina na gyara, ba adadi ake kawo min waya a ce kyamara ta lalace. In na goge maiƙo da ƙurar hunturu daga gilashin, na fita waje na ɗauki hoto ɗaya, sai ka ga mai wayar yana dariya. Lafiyarta ƙalau, a duhu yake ɗauka.

Inda abin nan ya fi damuna shi ne tsofaffin hotunan gidajenmu. Wani dattijo ya taɓa zuwa wajena da hoton mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ɗan ƙarami irin na fasfo, shi kaɗai ya rage musu. Jikansa ya ɗauka da waya cikin ɗaki da dare, ya saka a wata manhajar gyaran hoto. Hoto ya fito fes, har da launi. Amma askar gadon da ke kuncin marigayin ta ɓace, manhajar ta ɗauka tsaki ne ta share. Idanun ma ta sake su. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, wannan kyakkyawa ne, amma ba babana ba ne." Da ba su ajiye na takardar ba, shi ke nan, jikoki za su tashi suna yi wa fuskar da ba ta taɓa rayuwa ba kallon kakansu.

Irin waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da ya ɓace, cike gurbi suke yi da fuskokin da suka koya. Tsakin da ke tsohon hoto kuwa shi ne hoton kansa, ƙwayoyin da hasken ranar nan ya taɓa.

In kana da irin wannan hoto a gida, ga yadda za ka yi:

1. Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi.
2. Fita da hoton inuwa da safe ko bayan la'asar. Kada rana ta doke shi, kuma ka kashe filasha, ƙyalli za ta yi.
3. Shiga Pro ka sauke ISO zuwa mafi ƙanƙanta, 50 ko 100.
4. Da ISO ƙasa, idon kyamara zai daɗe a buɗe, ɗan motsi zai sa dishi-dishi. Ka jingina wayar a kan littattafai ko kujera, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3.
5. Wayar ta fuskanci hoton sosai, ba a karkace ba. Ka matsa da hannunka, kada ka jawo shi da yatsa.
6. Kashe duk wani mai gyaran fuska.
7. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi.

In kana sha'awar mai launi, ba laifi, ka yi. Amma ka ajiye na asalin daban, da sunan mai hoton da shekarar in an sani. Na takardar kuma a nisanta shi da danshin damina da gara.

Don ɗaukar yau da kullum, ka riƙe ƙa'idar masu fim: rana 100, inuwa ko abu mai gudu 400, dare 800 zuwa sama in ba makawa. Kafin ka ɗaga lamba, fara neman haske.

Wa ke da tsohon hoto a ƙasan akwatin kakarsa? Ka ciro shi wannan makon tun ana gane fuskar, kuma tun akwai wanda zai gaya maka ko wane ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu.