Riƙo ko Bauta: Tsaka Mai Wuyar Jami'in Walwala a Zango

A zangunanmu na Gana, tun daga Nima a Akra har zuwa Aboabo a Kumasi, riƙo tsohuwar al'ada ce. Mukan bai wa gwaggo ko inna ɗiya ta girma a hannunta domin zumunci ya ƙara danƙo. Da yawanmu a irin wannan hannun muka tashi, kuma ba mu ga sharrinsa ba. Sai dai a ƙarƙashin sunan nan na riƙo akwai yarinyar da ke tashi tun asuba ta ɗauki tallan koko, ta yini tana wanke-wanke, alhali 'ya'yan gidan suna makaranta.

Idan labarinta ya isa Sashen Walwalar Jama'a, jami'in da aka turo yakan zo da doka a hannu. Dokar Yara ta 1998 ta ce shekara 13 ce mafi ƙaranci ga aiki mara nauyi, 15 ga aikin ƙwadago, 18 ga aiki mai haɗari, kuma maslahar yaro ita ce gaba da komai. Amma doka ba za ta faɗa masa ko tallan nan tarbiyya ce ko cin zali ba. Yarinyar ba za ta yi ƙarar marikiyarta a gaban baƙo ba, kunya da tsoro sun ɗaure mata baki. In ya raba ta da gidan, wataƙila ya mayar da ita ƙauyen da talauci ya koro ta. In ya bar ta, wataƙila wata rana a kira shi asibiti.

Jami'in kirki ba ya yanke hukunci a ziyarar farko. Yakan ji ta bakin malamar makaranta, ya zauna da limami ko Sarkin Zango, ya nemi iyayen yarinyar. Yakan ɗauki matakin da za a iya warwarewa: a sa ta a makaranta, a rage tallan, ya dawo bayan mako biyu ya gani. Amma in ya ga tabon duka ko alamar lalata, babu sauran jira, sai hukuma.

A nan ne namu nauyin yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mun san gidan da ake riƙo tsakani da Allah, mun san wanda ake bautarwa. Duk da haka, da jami'i ya yi sallama sai mu ce lafiya lau, wai rufin asiri. Shirunmu ne ke ƙara masa duhu, ya sa ya zargi gwaggo mai amana ko ya wanke azzaluma.

In muna son riƙo ya ɗore da mutuncinsa, to mu riƙa faɗin abin da muka sani tun kafin yarinya ta gudu daga gida.