Tattaki a Kan Rufin Gidan Opera na Oslo

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Oslo zuwa bakin ruwan Bjørvika tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Ina tsallaka titi na hango gidan opera, fari fat, ya gangaro ya tsoma gefensa a cikin teku kamar tudun ƙanƙara. Babu katanga, babu mai tambayar ina za ka. Yara da tsofaffi da masu tura keken jarirai duk suna hawa saman rufin, sai na bi sahu.

Kamfanin Snøhetta ne ya zana ginin, shi ne kuma ya zana sabon ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar. An buɗe shi a watan Afrilun 2008. Abin da ya fi kama min hankali shi ne yadda suka mayar da rufin dandalin jama'a. Tun daga bakin ruwa ake fara hawa, a kan farin marmara da aka kawo daga Carrara ta Italiya, har a kai ƙololuwa a ga tsibirai da jiragen ruwa. Da gangan aka ƙi daidaita shimfiɗar: nan santsi, can kaushi, can ɗan tudu, dole ka riƙa duban inda kake sa ƙafa. Gini ne da aka yi da kuɗin gwamnati, kuma wanda bai taɓa sayen tikiti ba ma yana cin moriyarsa. Wannan adalci ne, ya kuma burge ni ƙwarai.

Ciki kuwa wata duniya ce. Bayan dogon gilashin akwai bango mai lanƙwasa na katakon oak, launin zuma, ya kewaye babban zaure mai siffar takalmin doki da kujeru 1,364. Sanyin dutse a waje, ɗumin itace a ciki.

Na fi daɗewa a gefen ginin da 'yan yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba. A can aka sa manyan tagogi daidai idon mai wucewa, ana ganin ɗakunan da teloli ke ɗinka kayan 'yan wasa. Duk wanda ya san wahalar ɗinki zai ji daɗin ganin ba a ɓoye masu wannan aiki ba.

A da, unguwar nan ta tashar jiragen ruwa ce da babban titi. A 2010 aka mayar da titin ƙarƙashin ruwa, ɗakin karatu na Deichman ya zo a 2020, gidan tarihin Munch a 2021. Wasu sabbin dogayen gine-ginen sun matse wurin fiye da kima a ganina. Da iskar yamma ta tsananta, sai na sauko na nufi Deichman neman shayi.