Aljanina Yana Da Uwa, Hajiyata Ba Ta Da Ita

Ni mutumin Jangeru ne ta ƙasar Shinkafi, kuma in aka bi salsala, aljannu ne suka jefa ni harkar rubutu. Ina firamare wani yayana da ke karatu a Ƙaura Namoda ya zo hutu da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ba bango ba shafin farko. Na karance shi a zaure da fitilar ƙwai, kakata na leƙowa tana cewa, "Kai ɗan nan, mi kaka karatu haka ba ka kwana?" Daga nan sai Ganɗoki na Bello Kagara, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Da na tasa, duk ranar Alhamis ina gaban mai shimfiɗa littattafai a kasuwar Shinkafi, inda na fara cin karo da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991.

A duk wannan karatu ban taɓa ce wa marubuci ƙarya kake yi ba. Gurgu ya miƙe ya zama sadauki, na yarda. An ɗauki yaro an kai shi sararin samaniya, na bi su. Har alfahari nake yi cewa babu labarin da cikina ba zai ɗauka ba.

Ashe da sauran rina a kaba. A shekarar 2019 wani abokina malamin makaranta ya ara mini wani littafin Turanci, Under the Udala Trees, na Chinelo Okparanta, wanda aka buga a 2015. (Udala, ga wanda bai sani ba, ita ce agwaluma.) Ya miƙo mini shi naɗe da tsohuwar jarida, ya ce, "Malam, ka karanta, amma kada ka bar shi a zaure." Labarin wata yarinya ce 'yar ƙabilar Ibo, Ijeoma, wadda jirgin yaƙi ya kashe mahaifinta a lokacin yaƙin Biyafara, aka kai ta aikatau wani gida. A can ta haɗu da wata marainiya, shaƙuwarsu ta zarce ta ƙawaye ta koma soyayya. Sunan marainiyar Amina, kuma Bahaushiya ce.

Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Na ce duk ƙabilun ƙasar nan a rasa wadda za a ɗora wa wannan sai tamu? Na cusa littafin ƙarƙashin katifa, ya yi mako uku ban taɓa shi ba. Mu da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu tun 1999, ga kuma dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14, ai ko riƙe littafin sai mutum ya waiwaya.

Son jin ƙarshen labari, wanda shi ne ciwona tun na zaure, shi ya mayar da ni. Abin da addinina ya ce game da madigo na san shi, littafin bai gusar da ni daga kai ba, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma akwai abin da ya kama ni. Yarinyar nan tana jin yunwa, tana kewar ubanta. Uwarta ta zaunar da ita kullum tana karanta mata Baibul don ta ceto ta, cikin so da firgici, kuma wallahi na san irin wannan uwa, ko da yake tawa wani littafin take riƙewa. Ita kuwa Amina tsoron wuta ya cika ta, ta ja da baya, daga bisani ta yi aure. Ina da ƙorafi kan littafin: muhawarar ayoyin ta yi tsawo, kuma Amina Bahaushiya ce a suna kawai, ba ka jin ƙanshin gidan Hausa a jikinta.

Ina cikin wannan ƙorafi ne sai na tuna da laifin da ke cikin akwatina. Ina da rubuce-rubuce biyu da ban buga ba. A na farko akwai wani aljani da na ba shi suna, da uwa, da dalilin da ya sa ya tsani bil'adama, har na sa shi kuka a bakin rijiya. A na biyu akwai wata Hajiya mai kuɗi da ke yaudarar 'yan mata ɗalibai, irin wadda ta cika littattafanmu na yanzu. Ban ba ta gari ba, ban ba ta dangi ba, ban taɓa sa ta cin tuwo ba. Mota na ba ta da gwala-gwalai, na kuma tanadar mata haɗari a babi na 14. Wato aljanina ya fi ta zama mutum.

Na san dalili, ku ma 'yan uwana marubuta kun sani. Tun da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kowa ya iya takunsa. In za ka taɓo irin wannan batu, sai ka yi dodo ka kashe shi da wuri, don kada a ce kana talla. To amma yarinyar da ake son a gargaɗa ba za ta taɓa haɗuwa da dodona a hanya ba, domin babu irinsa a duniya.

Da daminar bara na ciro rubutun na sake zama kansa. Na ba Hajiya gari, na ba ta uwa mai sayar da fura, da auren fari da aka yi mata tana shekara 13. Muguntarta na bar mata ita, don yaudarar yara mugunta ce ko daga wa ta fito. Sai dai tun da uwar ta shigo labarin, na kai babi na 14 sau uku ina ajiye biro, saboda yanzu dole sai an je an gaya wa tsohuwar, ni kuwa ban san wa zan aika ba.