Layi Ɗaya Da Ya Hana Mu Barci

Wannan makon labarin wani aikinmu na kwamfuta muka kawo, don abin da ya koya mana ya shafi alƙalami.

Mu uku muka rubuta ƙaramar kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai tsara shiri zuwa umarnin da inji ke ganewa. Saura kwana huɗu mu miƙa aikin, sai lissafi ya fara fitowa a karkace. Ba ko'ina ba, sai inda aka yi rabawa, nan ma wani lokaci.

Furosesa irin x86-64 tana da rajista 16 na aikin yau da kullum, ƙananan aljihunan da ake ajiye lambobi ana tsakiyar lissafi. Da yake sun yi kaɗan, dole kompaila ta san lambar da ke raye, wato wadda za a sake karantawa a gaba, da wadda ta mutu, a ba wata aljihunta. Daga ƙarshen shiri ake fara wannan bincike, ana komowa baya.

Kwana biyu muna zargin sashen da ke rabon rajista, ashe ba ruwansa. Ɓarnar tana matakin zaɓen umarni. In za a yi rabawa, cqo yana fara cika RDX, sannan idiv ya zuba amsa a RAX, ragowa kuma a RDX, ko an nema ko ba a nema ba. Mu kuwa mun ɗaure su a matsayin umarni ɗaya, muka rubuta cewa RAX kaɗai yake taɓawa. Mai rabo ya yarda da mu, ya ajiye lamba mai rai a RDX, rabawa ta zo ta take ta.

Ba mu gani ba sai da muka yi ta datse shirin gwaji, daga layi 300 har ya koma 9, kuskuren na nan daram. Gyaran layi ɗaya ne.

Tun daga ranar, in muka gama labari, daga babin ƙarshe muke fara tacewa. A kowane shafi mukan tambaya: me mai karatu zai buƙata a gaba, kuma me wannan jimlar ta share ba mu sani ba? A haka muka gano yarinyar da muka aika kasuwa a babi na biyu, har labarin ya ƙare ba ta dawo ba. Ku ma ku duba naku.

Allah Ya ƙara basira.