Baƙo da Mai Gida a Bakin Wikki

Mu mutanen Bauchi Allah bai ba mu teku ba. Saboda haka duk lokacin da muka ji zancen garuruwan shaƙatawa da ake ginawa a gaɓar teku, sai hankalinmu ya koma ga ruwan da muke da shi, wato maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin dajin Yankari, wadda ɗuminta ba ya gusawa daga wajen digiri 31, rani da damina.

A wani hunturu muka ɗebi ɗalibanmu na ajin rubutun zube muka nufi can, domin su ga daji da idonsu kafin su siffanta shi a takarda. Muka bi hanyar Gombe, muka karkata a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Da la'asar, 'yan'uwansa na ta ninƙaya, sai muka hangi ɗayansu zaune a gefe ya yi tagumi. Da muka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Malam, ƙauyenmu yana gefen dajin nan, amma yau na fara ganin ruwan nan. Giwa kam na san ta, domin ta taɓa cinye dawar babana a dare ɗaya."

Wannan magana ta sanyaya mana jiki. Shekara da shekaru muna koyar da daji a matsayin abin sha'awa, mun manta cewa abin kallon wani shi ne abin kukan wani. A 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Amma tun kafin wannan duka akwai mutane a cikinsa: tsofaffin rijiyoyin Dukkey da kogunan Marshall da kufan matoyar tama duk shaida ne. Ashe ba fili ne da babu mai shi ba.

To, in da za a ce mu tsara sabon masaukin baƙi a gefen wannan daji, da me za mu fara? Da farko mukan ɗauka amsar tana ga gini: a yi da tubali da azara, bango mai kauri da ke tsare zafin rana, kada soro ya ɗara kuka ko ɗorawa tsawo. Ba mu rasa abin koyi ba, domin ga Gidan Madaki a Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, yana nan tsaye.

Sai dai gini kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarun 1940 maginin nan na Masar, Hassan Fathy, ya tsara Sabuwar Gurna kusa da Luxor da tubalin laka, gini mai kyan gaske, amma yawancin waɗanda aka yi dominsu suka ƙi tarewa, saboda abincinsu yana tsohon gari. Darasin a fili yake: ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Don haka tsarinmu zai fara ne daga gona. A zauna da manoma da makiyaya kafin a kafa turke. A bar burtali da mashaya yadda suke. A sayi hatsi da nono da zuma daga maƙwabta, a ɗauki 'ya'yansu aiki, a ware wani kaso na kuɗin shiga domin wanda giwa ta yi wa ɓarna. Manomin da ke cin moriyar giwa shi ne zai fara kare ta daga mafarauci.

Da muka dawo Bauchi, ɗalibai suka miƙo rubutunsu. Kusan kowa ya yabi garai-garan ruwa da ƙiriniyar gwaggon biri. Shi kuwa yaron nan rumbun da ya kwana wofi ya siffanta, da yadda mahaifiyarsa ta riƙa auna tsaba da ludayi har kaka ta zagayo. Nasa muka fara karanta wa aji, kuma tun daga ranar ba mu sake kai ɗalibai Yankari ba sai mun yada zango a ƙauyen da ke bakin ƙofa, mun gaida masu gida.