Kwan Fitila da Waya Biyu

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi zai tsone maka ido. Mun sha rubuta wannan karin magana a kan allo, muna sa ɗalibai su fassara, amma ba mu san ɗacinsa ba sai ranar da ya faɗo a kanmu a tsakiyar titi.

Wata ranar Alhamis ce da azahar, cikin zafin bazara. Mun taso daga makaranta a tsohuwar motarmu Golf, mun biyo titin Murtala Muhammad za mu koma gida Fagge. Daidai 'Yankura, inda cunkoson kasuwar Sabon Gari yake haɗuwa da namu, sai muka yi gaggawar sakin kuloci, mota ta mutu. Muka murɗa makulli, ba mu ji komai ba sai ƙas-ƙas. 'Yan adaidaita sahu suka cika mu da oda, wani direban bas ya leƙo ya gaya mana abin da ba ya rubutuwa a mujalla. Muka buɗe gaban motar muna kallon inji kamar wanda aka miƙa wa jaridar Sinanci. Muna da takardar difloma ta koyarwa, mun shekara fiye da goma sha biyar da alli a hannu, amma ba mu san inda za mu taɓa ba.

Muna cikin wannan hali sai wani saurayi mai baƙin mai a riga ya tsallako titi, ya rusuna ya ce, "Malam, barka da rana. Ba ka gane ni ba ko?" Mun gane shi sarai, kuma ganewar ce ta sa gabanmu ya faɗi. Yaro ne da muka koyar a aji uku na ƙaramar sakandare, wanda muka taɓa kira daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa don ya kasa rubuta insha'i. Daga wannan zangon bai sake dawowa makaranta ba.

Bai tsaya dogon zance ba. Ya zaro ɗan kwan fitilar mota da aka ɗaura wa waya biyu. Ya ɗora su a kan ƙusoshin batir, kwan ya kama fes. Ya mayar da waya ɗaya kan maƙallin da ya riƙe ƙusar, ya ce mu murɗa makulli, sai hasken ya dushe. Ya ce, "Malam, batirinka lafiya lau, wuta ce ba ta samun hanyar wucewa." Ya nuna mana wani farin gari da ya taru a wurin, ya kwance maƙallin da sifana, ya wanke da ruwan kanwa, ya kankare, ya ɗaure. Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Muka ɗauko kuɗi, ya ja da baya ya ce, "Haba Malam, ai kai uba ne."

A daren nan ba mu yi barcin kirki ba. Abin da yaron ya yi a gabanmu, wato ya yi zato, ya gwada, ya ware mai lafiya daga marar lafiya, sannan ya yanke hukunci, shi ne ainihin tunanin da muke cewa makaranta tana koyarwa. Yana da shi tun yana ajinmu, mu ne ba mu da ma'aunin gane shi. Muka kuma tuna zamaninmu na ɗalibta a ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, lokacin da gwamnati ta sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai a shekarun 1980. A makarantarmu, kamar wasu da yawa, a cikin akwatunansu suka tsufa saboda rashin wuta da rashin malamai. Mun haddace sunan zarto da guduma, mun zana su a takarda, mun ci jarrabawa, alhali ba mu taɓa riƙe su ba.

Ranar Asabar muka aje girman kai, wanda aka ce rawanin tsiya ne, muka je rumfarsa a Sabon Gari muka ce mun zo ɗaukar karatu. Ya yi ta jin nauyi, amma ya raka mu wajen masu kayan lantarki muka sayi sukudireba, filaya, sifana uku, ƙaramar mita, ƙarfen narka dalma da ƙullin dalmar kanta. Muka share wani lungu a zaure muka kafa tebur. Uwargida ta ce da ma abin da ya rage ke nan.

Kaɗan daga abin da muka koya, ga shi, ko zai amfani wani. Batirin mota mai cikakken caji yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita, idan inji yana aiki kuma ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, na'urar da ke yi masa caji ce da matsala. Idan za a kwance batir, a fara cire wayar da ke da alamar ragi. Kanwa tana cin wannan farin garin ne don tana kashe kaifin asid. Fis kuwa mai gadi ne, an yi shi ne don ya ƙone a madadin kayanka. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin sigari, gobara yake gayyata. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba zai yi wasa da wannan ba. Tsohuwar talabijin kuma takan riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare ta daga bango, don haka ba wurin koyo ba ce.

Aikinmu na farko shi ne rediyon marigayi mahaifinmu, wadda ya riƙa sauraron sashen Hausa na BBC da ita. Ta shekara bakwai a kan sif. Ashe waya ɗaya ce ta tsinke a wajen ɗakin batir. Ɗigon dalma guda, sai ga murya ta cika zaure. Mun daɗe zaune ba mu ce uffan ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, motar ta fi kwana a gida, amma ɗan abin da muke gyarawa da kanmu yana rage wa albashi nauyi.

To, 'yan'uwa marubuta, ga inda muka dosa. Littattafanmu cike suke da 'ya'yan alhazai masu tsala-tsalan motoci, amma da wuya ka ga wanda yake kwanciya a ƙarƙashin motar. In ma ya fito, to abin dariya ne. Alhali daga Fagge zuwa Sabon Gari, daga Ƙofar Ruwa zuwa titin Beirut, akwai dubban matasa masu basira a yatsu, da kalmominsu da barkwancinsu da labaransu, suna jiran alƙalami. Mai son rubutu ya je ya zauna a bencinsu, ya saurara, ya tambayi sunan kowane ƙarfe.

Mu dai mun nemi gafarar ɗalibinmu. Ya yi dariya ya ce shi ya manta. Mu ba mu manta ba, kuma tun daga ranar wannan kalma ba ta sake fita daga bakinmu a aji ba. Allah Ya sa mu dace, amin.