Kuɗin Data Ma Cefane Ne

'Yar'uwa, in kina lissafin cefane kina sa kuɗin data kuwa? Ya kamata ki sa shi kusa da na manja, balle tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a 2025. Mu masu sana'ar cikin gida, wayar nan ita ce rumfarmu a kasuwa.

A 2020, lokacin korona, da aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta intanet. Namu kuwa sai darasin rediyo, in an samu batir.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, don a toshe wa 'yan bindiga kafa. To, ba mu ƙi ba, rai ya fi dukiya. Sai dai masu POS suka rufe, ciniki ya tsaya cak, ga kakar masara ta kama. Kuɗin turaren wuta da wata ta turo mini, wallahi sai da maigida ya shiga mota har Zariya ya ciro, kuɗin motar ya cinye ribar.